Layin Gida

Shafi na 19

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi na kawo. Wanda ya san zuciyarsa ba ta ɗaukar nauyi ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

"Yaya, ara mini wayarka in kira gida."

Yaya bai ɗago ba. Yana zaune a bencin asibiti da ke fuskantar ɗakin gilashi, idonsa a kan 'yarsa, wayar a kife a cinyarsa ya danne ta da tafin hannu.

"Sabis ba kyau yanzu, Auta. Bari sai anjima."

"Jiya ma anjima ka ce."

"To ni ke riƙe da sabis ɗin?"

Auta ta juya ta kalli Tsuntsuwa ta cikin gilashin. Yarinyar tana kwance, kanta tas ba gashi ko ɗaya, roba a hannu, roba a ƙirji. Tun tana goye sikila ke cin ta, ba ta cin abincin kirki sai tsakura, shi ya sa sunan ya bi ta. A duk dangi da aka gwada, ɓargon Auta ne kaɗai ya dace da nata. Shi ya sa Auta ta rufe keken ɗinkinta da zani, ta bar mijinta, ta bar ɗanta ɗaya tilo, ta biyo wanta wannan ƙasa da ko gaisuwarsu ba ta iya ba. Gobe da safe za a ɗebi ɓargon a jikinta a dasa wa yarinyar.

Ba tsoron allurar ke damunta ba.

Muryar ɗanta take so ta ji. Injiniya. Yaron da bai bar rediyo ko tocilan a gidan da bai kwance ba.

Ran da suka sauka, a filin jirgi, ita da bakinta ta zaɓi layin wayar da ya fi kowanne arha, irin na baƙi mai ƙarewa da wuri. Yaya ne ya zare mata layin gida ya maƙale shi a bayan murfin wayar.

"Kar ki kuskura ki mayar da shi," ya ce mata a ranar. "Romin ɗin nan, kira da layin gida a ƙasar waje, kafin ki gama cewa ina kwana ya lashe miki kuɗin cefane."

Ta yi dariya a lokacin. Gaskiya ya faɗa.

Da layin baƙin ya mutu, sai ya ce me za a yi da data biyu alhali magani na jiran kuɗi? Tasa ta ishe su. Nan ma gaskiya ya faɗa. Da farko kullum yana miƙo mata wayar, ta sha hira da Injiniya har sai ya ce ta bari haka. Amma kwanakin nan abin ya canza. In ya kira, matarsa kawai yake kira, kuma shi ke riƙe da wayar.

"Ai yanzun nan ya fita makaranta," in ji Anti, matar Yaya.

Washegari: "Barci ya ɗauke shi."

Wata ranar: "Yana wajen babansa."

Baban kuwa, Yaya ya ce wayarsa ta faɗa ruwa.

Auta ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ina za ki?"

"Ƙasa. In sha iska."

"Kar ki daɗe. Likita ya ce ki huta."

*

A bakin lifta ta ci karo da Inna Tafinta, dattijuwar da aure ya kawo ƙasar tun Auta ba ta zo duniya ba. Ita asibitin ke kira in an samu majinyaci mai jin Hausa.

"'Yar nan, wannan fuska fa? Ke da za ki yi aikin lada gobe?"

"Inna, don Allah taimaka mini. Ɗana nake so in ji. Ko minti ɗaya ne."

"Ina wayar wanki?"

"Wai ba sabis."

Inna ta zaro tata daga jaka ta duba, ta taɓe baki.

"Ga sabis har ya yi yawa. Da tawa na kiran waje da na ba ki, to ni tun da tsohona ya rasu na daina sa mata komai, sai dai a kira ni. Zo mu je shagon ƙasa."

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin wurin sayar da furanni da kantin magani. Mai shagon ya baje musu katuna a kan gilashi yana magana da sauri, Inna na juyawa.

"Ya ce wannan na mako ne, data kawai, ba kira. Wannan na wata ne, da kira a ciki, amma na cikin ƙasa. Wannan kuma ba kati ba ne ma, a cikin wayar ake dasa shi, sai dai wayarki ta tsufa, ba za ta ɗauka ba."

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Na makon."

"Shi nake so."

Ta kwance bakin mayafi ta zube 'yan canjin da take da su. Mai shagon ya miƙo hannu, amma ba kuɗin yake nufi ba.

"Fasfo yake so," in ji Inna. "Ba a sayar da layi ba fasfo."

"Yana wajen Yaya. Shi ke riƙe mana."

"Ki hau ki karɓo."

Auta ta girgiza kai. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ba ta son ya sani ba.

"Intanet ɗin asibitin fa, waifai?"

"Sai da lambar nan mai rai ake shiga. Taki ta mutu." Inna ta ɗan yi tunani. "Ina layinki na gida?"

"Yana bayan murfi. Yaya ya ce cin kuɗi gare shi."

"Yana ci, in kin sake masa. Kawo."

Inna ta karɓi wayar, ta ɓare murfin, ta ari allurar mai shago ta buɗe gefen.

"Duba nan. Data za mu kashe, ita ce ɓarauniyar. Saƙo in ya shigo, yawanci ba a cajin ki. Ki tura wa maigidanki layi ɗaya, ko maƙwabciya, ki ce su kira wayar wanki su haɗa ki da yaro. Amma ki ji ni da kyau: in an kira, kar ki ɗauka. Ko ke aka kira, ke za ki biya."

"To, Inna."

Wayar ta kunnu. Ta yi ta lalube. Can sai sandunan sabis suka tashi.

Sai ta fara rawa a hannun Auta.

Ta yi rawa, ta yi rawa, ba ta tsaya ba. Saƙo kan saƙo, wani na ture wani kafin ido ya kama. An neme ki. An neme ki. An neme ki. Har mai shagon ya leƙo.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ke shugabar ƙasa ce?"

Auta ba ta yi dariya ba. Yatsanta na kan saƙon farko sai kira ya shigo. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Malamar su Injiniya.

"Kar ki ɗauka, na gaya mi..."

Ta riga ta ɗauka.

"Salamu alaikum, Malama?"

"Wayyo, Maman Injiniya! Yau dai ta shiga! Wallahi kullum in na tashi daga aji sai na gwada."

"Lafiya dai ko? Ya yi wata ɓarnar ne? Me ya kwance kuma?"

Auta na jin hayaniyar yara a nesa, da ƙarar ƙararrawa.

"Maman Injiniya... ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin me?"

"Na je gida, ban same ki ba, aka ce kina can. Allah ya sa mai ceto ne. Wallahi har yau ban bar kowa ya zauna a kujerarsa ba, yaran ma da kansu..."

Ƙit.

"Malama? Malama!"

Wata murya ta shigo da yaren da Auta ba ta ji, a natse, kamar ba abin da ya faru a duniya.

Inna ta sa hannu ta karɓi wayar a hankali ta kara a kunnenta.

"Kuɗin ya ƙare," ta ce. "'Yar nan, me ta ce miki?"

Auta ta karɓe wayar ta taɓa saƙo ɗaya, na maƙwabciyarta. Kalmomi uku ta karanta ta kife wayar a kan gilashin shagon.

Ba ta faɗi ba. Ba ta yi ihu ba. Ta tattara canjinta ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin mayafi, ta ja ƙullin da haƙori. Sannan ta juya.

"Tsaya mu hau lifta tare!" Inna ta biyo ta tana haki.

Matattakala Auta ta bi.

*

A ɗakin masu jinya ta same shi, inda ake dafa ruwan zafi. Ba kowa sai shi. Ya juya wa ƙofa baya, yana jiran butar lantarki ta tafasa.

Ta rufe ƙofar ta jingina da ita.

"Yaya."

"Har kin dawo? In haɗa miki shayi?"

"Ina ɗana?"

Cokalin da ke hannunsa ya tsaya.

"Wace irin tambaya ce wannan? Yana gida mana."

"Juyo ka kalle ni ka faɗa."

Bai juyo ba.

"Na ce ka juyo!"

Tunda take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Shi ya goya ta zuwa makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya saya mata keken ɗinkin. Ya juyo a hankali, idonsa ya sauka a kan wayar da ke hannunta, murfin a ɓare.

"Kin mayar da layin," ya ce.

"Na mayar."

"Wa ya kira ki?"

"Tambayar da za ka yi ke nan?"

Butar ta tafasa ta kashe kanta. Yaya ya lalubi kujera ya zauna.

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba. Yaushe?"

"Zauna don Allah."

"Yaushe, Yaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kwana biyu bayan layinki ya mutu ya fara zazzaɓi. Na ɗauka irin wanda yara ke yi ne. Wallahi na ɗauka zai sauka."

"Ka ɗauka."

"A ranar aka sa wa Tsuntsuwa maganin farko. Kina wurin, kin ji abin da likita ya ce. Maganin nan kashe ɓargonta yake yi gaba ɗaya don naki ya samu wurin zama. In an fara ba a komawa baya. In ba a dasa mata ba, ko mura ce sai ta..."

"Ba labarin 'yarka na tambaye ka ba."

Ya haɗiye sauran maganar.

"Aka kwantar da shi a asibiti. Abin ya hau masa kai. Bai jima ba, Auta. Bai sha wuya da yawa ba."

"Kana can?"

"A'a."

"To ta yaya ka san bai sha wuya ba?"



Auta ta dafa firij. Sanyin ƙarfen ya ratsa tafin hannunta. Kwanakin suka riƙa dawo mata ɗaya-ɗaya. Ran da ta ga idon Yaya ya yi ja ya ce rashin barci ne. Ran da ya kawo mata abinci da kansa ya zauna yana kallon tana ci. Ran da ta tsaya a kantin ƙasa tana taya wata 'yar mota mai batir, tana ce masa, Yaya duba, wannan ko kwana ba za ta yi a hannunsa ba zai kwance ta. Shi kuma ya ce, saya masa mana.

"Ranar motar nan," ta ce. "Yana raye?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Yana raye ko ba ya raye?"

"Ba ya raye."

"Ka bar ni na saya."

"Me zan ce miki?"

"Ka bar ni na naɗe ta a cikin zanina na sa a ƙasan akwati don kar ta fashe!"

"Auta, rage murya, akwai marasa lafiya..."

"Anti kuma? Yanzun nan ya fita makaranta? Barci ya ɗauke shi? Da ciki a jikinta take faɗa mini haka, bakinta bai yi nauyi ba?"

"Ni na sa ta. Duk ran da ta yi, sai ta wuni tana kuka. Laifin nawa ne, kar ki sa ta a ciki."

"Kun haɗu kun rufe ni da rai."

Ya ɗago. Hawaye ya jiƙa gemunsa.

"Na zo har ƙofar ɗakinki ran da aka gaya mini. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Sai na tuna in kika ji, ba mai riƙe ki, ko a ƙafa ne sai kin tafi. Shi ya riga ya tafi, Auta. Ko kin tashi sama ba za ki same shi ba. Ita kuwa tana numfashi. Na ce in an gama gobe, in durƙusa a gabanki, ki yi mini duk abin da kika ga dama."

"Lokacin da yake zazzaɓin fa? Lokacin bai tafi ba."

"Na ce miki na ɗauka..."

"Da ka miƙo mini waya. Waya kawai. Da na yi masa magana. Da ya ji ni."

"Da kin ji muryarsa a haka, za ki zauna?"

"Ban sani ba! Ba ka bari na sani ba! Ka zaɓar mini!"

"Ni na zaɓar miki layin da ya mutu?" Maganar ta fito masa da zafi. "Ba ke kika tsaya a filin jirgi kika ce mai arha ba?"



Shi kansa sai da ya ja baya, kamar wani ne ya faɗa ba shi ba.

"Auta, ban yi nufin..."

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ni na ce mai arha. Don kuɗin maganin 'yarka ya kai."

Ya sauko daga kujerar ya durƙusa a kan tayil. Babban mutum, mai furfura a gefen kai. Ya miƙa hannu zai kama bakin zaninta, ta janye.

"Tashi. Ba ni wayarka."

"Wa za ki kira?"

"Mutumin da wayarsa ta faɗa ruwa."

"Tsaya. Kafin ki kira shi, akwai abin da ya kamata ki sani."

Ta tsaya tana kallon sa.

"Lokacin da yaron ke kwance, ya yi ta kira na. Na ce masa kina ɗakin da ba a shiga da waya."

"Bayan nan fa?"

"Ya ce lallai sai ya yi magana da ke kafin a kai yaron makwancinsa. Ya ce in ban haɗa ku ba zai nemo lambar asibitin ya kira da kansa."

"Sai ka ce me?"

"Na ce na gaya miki."



"Ka ce masa me?"

"Na ce kin sani. Na ce kin yi kuka, kin ce a kai shi kar a jira ki. Kin ce ba za ki iya magana da kowa ba sai an gama aikin."

Ba ta san lokacin da ta fizge wayar daga aljihun rigarsa ba. Fasfo biyu suka biyo ta suka faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta buɗe na farko, nasa ne, ta yar. Ta ɗauki na biyu ta cusa a ƙugunta.

"Buɗe."

Ya sa yatsa ya buɗe mata. Sabis cike yake. Datar da aka ce a yi tattalinta tana nan jingim.

Bugu biyu aka ɗauka.

"Yaya." Muryar mijinta ce, amma kamar ta wani tsoho. "In gaisuwa ce na gode. Ba ni da abin cewa."

"Baban Injiniya."

Ta ƙara manna wayar a kunnenta.

"Ni ce."

"Na ji."

"Yanzu na ji. Wallahi tallahi yanzun nan na ji, ko awa ba a yi ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Yanzu kika ji."

"Ka tambayi Yaya, ga shi nan a gabana. Ƙarya ya yi maka, ni ma ƙarya ya yi mini."

"Wa zan yarda da shi a cikinku? Shi ya ce kin sani, ke kin ce ba ki sani ba. Ciki ɗaya kuka fito. Uwa ce za ta yi kwana da kwanaki ba ta ji muryar ɗanta ba, ta zauna lafiya?"

"Ban zauna lafiya ba! Kullum sai na roƙa!"

"Layinki fa? Wa ya hana ki mayar da layinki?"



"Kin san me na yi a asibiti?" ya ce. "Na kara masa waya a kunne ina kiran lambarki. In kira, in sake kira. Yana kwance yana jin matar nan tana cewa layin a kashe yake. Har ya haddace. Sai ya ce mini, Baba, Mama ba ta da caji ne? In ta dawo zan gyara mata."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Auta wanda ba kuka ba ne, ba kuma magana ba. Ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin firij.

"Ki ji ni," in ji mijin. "Ni kaɗai na ɗauke shi. Mutane na tambaya ina uwar, ina ƙirƙiro musu amsa. Uwata ta ce in rufe ɗakinki, na ce a'a, sai na ji daga bakinki. To na ji. In gaskiya kike faɗa, yau ki taso. Yau. Ki je filin jirgi ki zauna har a samu kujera, ni zan san yadda zan yi da tikitin."

"Gobe da safe ne aikin. In na taso, yarinyar..."

"Ashe dai."

"Ba haka nake nufi ba, ka saurare ni..."

"Na saurari gidanku ya isa. In kika kwana a can, na san Yaya bai yi ƙarya ba. Sai ki yi zamanki."

Ya kashe.

Auta ta bi wayar da kallo har fuskarta ta yi duhu. Ta ajiye ta a ƙasa tsakaninta da Yaya. Ta dafa firij ta miƙe.

"Auta." Har yanzu yana durƙushe. "Ki tsine mini. Ki daina gaishe ni har abada. Amma kar ki hukunta ta da laifina. Ba ta san komai ba. Yarinya ce."

"Nawa ma yaro ne."

Ta buɗe ƙofa. Inna Tafinta na tsaye a waje, hannu a baki, ta ji komai. Ta kama hannun Auta.

"'Yar nan, zo ki zauna a ofishina ki sha ruwa. Kar ki yanke komai da wannan zuciyar."

"Inna, wace mota ke zuwa filin jirgi?"

"Haba, 'yar nan..."

"In ba za ki faɗa ba zan tambaya da hannu."

Ta zare hannunta ta kama hanya. Ba wata hanyar zuwa lifta sai ta gaban ɗakin gilashi. Ta ƙudura a ranta ba za ta kalla ba. Ta kafa ido a kan jan maɓallin da ke ƙarshen barandar, tana tafiya, fasfon na sukar ta a ƙugu.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙafarta ta tsaya da kanta.

Tsuntsuwa ta sauko daga gado. Ta jawo ƙarfen da ledar ruwa ke rataye a kai har bakin gilashin, tana tsaye da ƙyar a kan ƙafafu kamar tsinke. Hannu ɗaya na ƙwanƙwasa gilashin, ɗayan na riƙe da wayar bango da ake magana da ita daga ciki. Ta nuna wa Auta ta waje.

Auta ta girgiza kai.

Yarinyar ta sake nunawa.

Auta ta ɗauka.

"Koma ki kwanta. An hana ki tashi."

"Goggo."

"Na ce ki koma."

"Goggo, kin sani yanzu, ko?"



"Na san me?"

"Injiniya." Leɓen yarinyar duk ya tsage, da ƙyar take motsa shi. "Na ji Baba yana waya a nan ranar. Ya manta bai mayar da wannan daidai ba. Ya ɗauka barci nake."

"Tun ranar... kin sani?"

Ta gyaɗa kai.

"Kullum ina zuwa nan ina ba ki labarinsa, kina ji, kin sani?"

"Na tambayi Baba. Ya ce in na faɗa miki za ki tafi." Ta manna goshinta a gilashin. "Ya ce in kin tafi zan mutu."

A ƙarshen barandar lifta ta yi ƙara, ƙofarta ta buɗe, ba kowa a ciki.

"Goggo," in ji Tsuntsuwa. "Tafiya za ki yi?"